Ba Zabuwa Ce Ta Ƙona Ƙauyuka Ba

Har yau marubuta na kiran rikicin arewacin Gana na 1994 "Yaƙin Zabuwa", wai musu kan farashin zabuwa a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbilla, shi ya haddasa shi. Wannan suna ragwancin tunani ne, kuma cin fuska ne ga kimanin mutum 2,000 da suka mutu da ƙauyuka sama da 400 da aka ƙone. Kullum ana musu a kasuwa, don me wannan kaɗai ya kai wuta har yankunan Yendi da Salaga?

Ɗalibi ya lura da abin da masana fiziks Per Bak da abokansa suka nuna a 1987. Idan ana zuba yashi ƙwaya ƙwaya, tulin zai kai matakin da ƙwaya guda za ta zabtar da gefensa. Laifin yana ga tsinin tulin. A 1978 kuma Mark Granovetter ya kawo misalin mutum 100: na farko zai yi bore shi kaɗai, na biyu sai ya ga mutum ɗaya ya fara, na uku sai ya ga biyu, haka har ƙarshe. Kowa zai shiga. Amma in na biyun ya ce sai ya ga mutum biyu, boren ya mutu a kan mutum ɗaya. Abin tambaya shi ne wa ke kallon wa, wa ke jin maganar wa.

Ruwa ba ya tsami banza. Turawan mulkin mallaka sun sa Konkomba da Nawuri a ƙarƙashin sarakunan Dagomba da Nanumba da Gwanja, rigimar ƙasa da sarauta ta yi ta taruwa. An gwabza a Bimbilla a 1981, an gwabza a Kpandai a 1991 da 1992. Kowane karo yana tsinke igiyoyin aure da ciniki da ke tsakanin ƙabilu, yana ƙara ɗaure kowa da danginsa. A irin wannan saƙa jita-jita kan zagaye dangi cikin yini guda, babu wani na waje da zai ƙaryata ta.

Saboda haka masu zaton dokar hana fita za ta warkar da Bawku suna farautar zabuwa ne. Yarjejeniyar Kumasi ta 1996 ta samu ne bayan an yi ta zaunar da dattawa da matasan ɓangarorin wuri guda. Wanda ke son zaman lafiya ya ƙirga igiyoyin da suka rage tsakanin Kusasi da Mamprusi, ya ƙulla waɗanda suka tsinke.