Wasan Biri: Nasa Ne Ko Namu?

Hausawa sun ce biri ya yi kama da mutum. Ni kuwa ina ganin in har mun yarda da wannan magana, to bai kamata mu riƙa jin daɗin ganinsa ɗaure da sarƙa ba. Lokacin salla masu wasa da biri sukan ratsa unguwanninmu, daga Gwammaja har gindin Dala. A sa wa biri riga, a kaɗa masa ganga, ya yi rawa, ya yi gaisuwa, yara su bi ana sowa, manya su jefa kuɗi. Mu ne muke wasa a nan, shi biri aiki yake yi don tsoron bulala.

Ainihin wasan biri yana cikin 'yan'uwansa ne. A dazukan Kudancin Amurka akwai wani ɗan ƙaramin biri da Turawa suka laƙaba wa sunan kurege. Masana sun ƙidaya masa kuka fiye da iri ashirin. 'Ya'yansa sukan yi kokawa da guje-guje a kan rassa, suna wata 'yar ƙara siririya wadda ta lokacin wasa ce. Wani lokaci mai ƙarfi yakan bari ƙarami ya danne shi, don kada wasan ya watse. Ashe ba mu kaɗai muka san ladabin wasa ba!

A shekarar 1980 kuma wasu masana uku, Seyfarth da Cheney da Marler, suka bayyana binciken da suka yi a dajin Amboseli na ƙasar Kenya, kan wani biri ɗan'uwan kirka. Sun tarar kukan ganin damisa dabam, na gaggafa dabam, na maciji dabam. In aka yi na damisa sai duk su haye bishiya. In na gaggafa ne su dubi sama su faɗa cikin duhuwa. In na maciji ne su miƙe tsaye suna duban ƙasa. Ƙananansu kan yi kuskure, har su yi wa tsuntsu marar cutarwa kukan gaggafa, sai sannu a hankali su gane. To birin da aka raba da uwarsa tun yana ɗan mitsitsi, wa zai yi wa kuka, wa kuma zai amsa masa?

Na san wasu za su ce ai sana'a ce ta gado, da ita ake ci da iyali. Wasu kuma su ce biri maɓarnaci ne, a tambayi manomi. Duka gaskiya ne. Amma korar biri daga gona dabam, ɗaure shi har mutuwarsa dabam. Malamai sun karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da kuma na Annabi Sulaimanu da ya ji maganar tururuwa. Wato dabba tana da hakki, tana kuma da bakin da take magana da shi, mu ne ba mu ji.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai abu biyu. Na farko, mu daina bin masu wasa da biri muna jefa kuɗi, domin kuɗinmu ne ke sa a koma daji a kamo wani. Na biyu, in an yi hutu mu je Gidan Zu na Audu Bako, mu tsaya shiru gaban birai, ba jifa ba tsokana, mu saurari kukansu. Iyayenmu kuma su taimaka su hana ƙannenmu wannan kallo na titi.

Allah ya sa mu zama masu tausayin abin da ba ya iya kai ƙara.