ƊAN TALAKA MA YANA SON YA ZAMA INJINIYA

Daga wani ɗan jam'iyya a Kunduru, ƙasar Kankiya

Ran nan da la'asar muna zaune a gindin bishiya a nan Kunduru, sai ga wani yaro, bai fi shekara 12 ba, yana tura motar da ya ƙera da kara da gwangwani. Ya samo tsohon batir da 'yar waya da ƙwan tocila ya sa mata fitila, tana kamawa tana mutuwa yadda ya ke so. Na ce masa, "Kai yaro, in ka girma me za ka zama?" Ya ce, "Injiniya, Baba." Sai wurin ya kaure da dariya. Wani dattijo ya ce, "Injiniya a gidan wa? Ubanka da jaki ya ke kai taki gona."

Ni ban yi dariya ba, gama dariyar nan ita ce ciwonmu. An daɗe ana koya wa talaka ya raina ɗansa, har ya zama shi da bakinsa ya ke kashe wa yaron zuciya tun masu mulki ba su kai gare shi ba.

To, bari mu tambaya. Wa ya ce lissafi da ƙere-ƙere baƙi ne a ƙasar Katsina? Tun Bature bai san hanyar Gobarau ba, Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi ya yi suna a ilimin lissafi, ya wallafa littafi a kan hatimin lambobi, ya je Makka, ya zauna a Alƙahira har ya rasu can a 1741. Maƙeranmu kuwa da kansu su ke haƙo tama su narke ta, su fitar da garma da lauje da takobi. Marina sun san sirrin baba da toka, magina sun san yadda a ke ɗaure bakan gizo da azara ya shekara ɗari bai faɗi ba. Wannan duka kimiyya ce, ko da ba a kira ta da sunan ba.

Da Turawa su ka zo, su ka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, malaman makaranta da ma'aikatan En'e su ke nema, yawancin yaran kuma daga gidajen sarauta a ka ɗebo su. Ba su zo don su koya mana ƙera inji ba, gama in mun iya, wa zai sayi nasu? Mu noma gyaɗa da auduga, su kwashe, su komo mana da atamfa. Shi ya sa Arewa duk faɗinta ta daɗe tana nuna likita ɗaya da yatsa, watau Dokta Barau Dikko na Wusasa. Abin da ya harzuƙa samarin da su ka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950 ke nan, su Malam Aminu Kano su ka yi ta kiran a buɗe wa ɗan talaka ƙofar ilmi, a ka yi ta ɗaure mabiyansu ana yi musu bulala.

Yau Bature ya tafi shekara fiye da 60. Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya tun 1962. Jihar Katsina ta samu kanta a 1987. Akwai Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, akwai Jami'ar Tarayya a Dutsin-ma tun 2011, nan Kankiya ma ga makarantar koyon aikin lafiya. Gine-gine kam an yi, ba mu musu. Amma ina tsanin da yaron Kunduru ko na Gyaza ko na Kusada zai taka ya kai can?

Ku 'yan kasuwa kun san hanyar Katsina kamar tafin hannunku. In kun wuce Caranci kun kai Lambar Rimi, ku ɗaga kai ku dubi dogayen fankokin nan guda 37 da a ka kafa don iska ta ba mu wuta megawat 10. Daga Faransa a ka kawo su, daga Faransa a ka kawo mai haɗa su. Da 'yan bindiga su ka sace injiniyan, Francis Collomp, a watan Disamba 2012, sai aiki ya tsaya cik shekara da shekaru, ko da ya ke shi Allah ya kuɓutar da shi a 2013. Haba jama'a! Iskar tamu ce, filin namu ne, kuɗin namu ne, amma mutum ɗaya ya tafi sai kowa ya naɗe hannu.

Ku dubi kuma madatsar ruwa ta Zobe a ƙasar Dutsin-ma. An gama ta a 1983, amma sai 2021 a ka buɗe matatar ruwan shanta. Jaririn da a ka haifa shekarar da a ka tare ruwan, sai da ya yi 'ya'ya, yana ta sayen ruwan jarka wurin 'yan garuwa. Ƙasar da ba ta da masu aikin hannu nata na kanta, kullum tana bakin ƙofa tana jiran ɗan kwangila.

Wani zai ce, ai makarantun kimiyya suna nan, laifin iyaye ne. To, mu faɗi gaskiya. Yaron ƙauye yakan gama sakandare bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. A allo a ke zana masa ita da alli, a ce ya haddace. Malamin lissafi ɗaya sai a ba shi aji uku, albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, da rana yana aji da yamma yana acaɓa. Ranar jarrabawa kuma a haɗa yaron nan da ɗan mai mulki wanda a ka kai makarantar kuɗi a Abuja ko Ingila, a ce su yi tsere. In ya faɗi a ce ɗan talaka ba shi da ƙwaƙwalwa.

Sa'an nan ga tsoro. Ran 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga su ka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara da dare, su ka kora yara fiye da 300 daji kamar tumaki. Allah ya sa an sako su bayan kwana 6. Amma su wane ne yaran? 'Ya'yan manoma ne da 'yan tireda da masu facin taya, waɗanda iyayensu su ka sayar da akuya su ka saya musu akwati da katifa don su zama likitoci da injiniyoyi. Wace uwa ce za ta ji wannan ba ta yi tunani biyu ba kafin ta sake kai ɗanta makarantar kwana?

Duk da haka kada wanda ya ce abin ba ya yiwuwa. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ne, tun yana yaro ya ke zanen motoci. Ya yi Kwalejin Fasaha ta Birnin Kebbi, gwamnatin jiharsu ta ba shi sukolashif ya tafi Amurka, kamfanin General Motors ya ɗauke shi, shi ya zana motar nan mai lantarki Chevrolet Volt. Da takardar sukolashif ɗin nan ta maƙale a aljihun wani babba, da yanzu ba wanda ya san sunansa. Jelani nawa ne ke tallan rake a tashar Kankiya?

Saboda haka ga abin da mu ke nema, kuma haƙƙinmu ne, da harajinmu da kuɗin tikitin kasuwarmu za a yi shi.

Na ɗaya, kowace sakandare a ƙasar Kankiya da Kusada a yi mata ɗakin gwaje-gwaje mai kaya da ruwa da wuta, a kawo malamin da ya san aikin, a biya shi a kan kari.

Na biyu, sunayen waɗanda a ka ba sukolashif a liƙa su a bakin kasuwa, da garin kowa da makinsa, kowa ya gani. Mun gaji da jin an raba a daren jiya.

Na uku, duk kamfanin da a ka ba kwangilar ruwa ko wuta ko hanya a ƙasarmu, a rubuta masa a takarda lalle ya koya wa yaranmu aikin, ya bar su a kai in ya tashi.

Na huɗu, yaran da ke garejin kanikawa da shagon walda da rumfar gyaran waya da masu haɗa sola, a yi musu jarrabawar aikin hannu a ba su takardar shaida, wanda ya yi fice a buɗe masa hanyar shiga kwalejin fasaha.

Na biyar, a katange makarantun kwana a tsare su kamar yadda a ke tsare gidan Gwamna.

Mu ma da namu laifin, ya 'yan'uwana. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kai mai rumfa, kada ka cire yaro daga aji ranar kasuwa don ya riƙe maka mudu. Ke mai ƙosai, 'yarki da ke ba ki canji daidai ba ta taɓa kuskure ba, kanta na lissafi ne, bar ta ta yi karatu, ko ba komai mata sun samu likita mace ranar haihuwa. Muna adashin biki da na suna, me zai hana kowace ƙungiyar 'yan kasuwa ta yi adashin kuɗin jarrabawa, ta ɗauki yaro ɗaya ko biyu a shekara? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Lokacin zaɓe kuwa, in sun zo da atamfa da taliya da sabulu, ku tambaye su makarantar da 'ya'yansu ke karatu. Ku tambaye su ɗakin gwaji nawa su ka gina tun hawansu. In sun fara kame-kame, kun san inda za ku dangwala.

Shi kuwa yaron nan mai motar kara, na kira shi na ba shi kuɗin sabon batir, na ce ya je ya sa mata fitilar baya. Dattijon da ya yi dariya kuma na ce masa, ranar da famfon garin nan ya lalace, za mu ga ko ɗan wa za a nema.

Allah ya ba talaka sawaba, amin.