Kafin A Kira Mace Juya, A Gwada Mijin

Daga wakilinmu na Arewa, Bolari, Gombe

'Yan'uwa mazauna Agege, Idi-Araba da Sabo ta Badun, akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu bari. Mutum zai yi aure a Bolari, ya koma Ikko neman abinci, ba ya leƙo gida sai da Sallah. In an shekara uku shiru, sai a ce matar juya ce, a yi mata kishiya ko a ba ta takardarta. Shi kuwa maigida, in zuciyarsa ta raya masa wani abu, sai ya faki ido ya shiga kemis ya sayi ƙwayar bitamin E, wai maganin haihuwa.

Ga asalin wannan magana. A 1922 wasu masana biyu a Amurka, Herbert Evans da Katharine Bishop, suka gano cewa ɓerayen da aka hana wani sinadari a abinci ba sa hayayyafa. Shi ne bitamin E. To, amma mutum ba ɓera ba ne. Da wuya a sami mai ƙarancinsa, sai wanda hanjinsa ba ya karɓar maiƙo. Miligiram 15 ya ishi baligi a rana, kuma yana cikin gyaɗa, man gyaɗa da manja. Yawan shan ƙwayar ma yana iya hana jini tsayawa in an ji rauni.

Abubuwan da suka fi raunana maniyyi su ne ciwon sanyi da ba a yi maganinsa sosai ba, hangum bayan balaga, kumburin jijiyoyin maraina, da shan taba. Ƙwaya ba ta buɗe hanyar da ciwon sanyi ya toshe. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na gamuwa da rashin haihuwa, kuma likitoci na samun matsala a wajen miji a kusan rabin irin waɗannan gidaje.

Saboda haka, in kun zo gida, ku ɗauki iyali ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a fara da ku. Gwajin maniyyi ba ya bukatar allura ko wuƙa. Sa'an nan ku yawaita zama da iyali, domin gonar da manomi ba ya zuwa ba a tuhumarta da rashin yabanya.

Allah ya ba mu zuri'a ta gari.