Malamin da Aka Biya wa Jirgi, da Tsarabar da Zango ke Jira



Aikina a ƙofar Mai Girma Sarkin Zango riƙon alƙalami ne: wasiƙar da za ta fita ni ke rubutawa, wadda ta shigo ni ke karantawa. Na rubuta takardun shaida ba adadi, ga mai neman aikin gadi, ga mai neman rumfa a kasuwa, ga saurayin da zai tafi ƙasashen Larabawa aikin ƙarfi. Amma sau ɗaya tak wata malamar makarantar gwamnati ta zo tana roƙon Sarki ya sa baki, don maigidanta da surukanta su bar ta ta nemi gurbin ƙaro ilimi na 'yan makonni a ƙasar waje, wanda ba ita za ta biya ko sisi ba. Kafin a gama kai-komo tsakanin gidajen biyu, ranar rufe karɓar takardu ta wuce. Ba ta tafi ba. Tun daga ranar abin ke ci mini rai, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna shi a fili.

Bari in fara da bayanin abin da ake magana a kai, domin da yawa cikinmu ba su san da shi ba. Akwai ƙasashen da ke ware kuɗi don ɗaukar malaman makaranta na wasu ƙasashe, su je su ga yadda ake koyarwa a can. Gwamnatin Amurka tana da shirin Fulbright, wanda aka kafa a 1946, kuma a ƙarƙashinsa akwai reshen da ya saba ɗaukar malaman sakandare, har da na Gana, su yi mako 6 a wata jami'a, suna ɗaukar darasi suna kuma shiga azuzuwan makarantun garin. Kuɗin jirgi da masauki da abinci duk a kan shirin suke. Ma'aikatar ilimi ta Japan ma tana da nata: malamin da bai kai shekara 35 ba, wanda ya yi shekara 5 yana koyarwa, yana iya samun wata 18 a jami'ar Japan, ya fara da koyon harshensu. Ofisoshin jakadancin waɗannan ƙasashe a Akra su ke sanar da lokacin nema da sharuɗɗansa, kuma sharuɗɗan kan sauya, don haka mai buƙata ya riƙa bibiya da kansa.

To, ina ruwan zango da wannan? Ruwanmu da tsaki. Tun 1987 da aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Gana, makarantunmu masu haɗa Arabiyya da boko suka shiga tsarin gwamnati, malamansu na boko suka zama ma'aikatan gwamnati kamar kowa. Ke nan malamin lissafi a Nima ko Aboabo yana da haƙƙin nema daidai da takwaransa na makarantar mishan. Abin da na lura da shi, su can shugabanninsu kan tura su, su taya su cika takarda, mu kuwa namu sai ya ɓoye niyyarsa don gudun a ce ya fara girman kai ko yana son gudu.

Abin mamaki, mu ne bai kamata a koya wa darajar tafiya neman ilimi ba. Zango kansa matafiya suka kafa shi. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda malamanmu ke alfahari da silsilarsa, a Kano aka haife shi, ya yi yawon karatu a ƙasar Sakkwato, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete-Krachi, inda ya koyar har ya rasu a 1934. Da ya zauna inda aka yanke masa cibiya, da wa zai karantar da kakanninmu? Har gobe in yaro ya sami gurbi a Azhar ko Madina, mukan yi walima mu raka shi da addu'a. Me ya sa malamar da ke koya wa 'ya'yanmu karatu da lissafi ba ta cancanci irin wannan rakiya ba? Tafiya mabuɗin ilimi ce ga mai Nahawu, haka take ga mai kimiyya.

Na san dattawa suna da hujjojinsu, kuma ba na raina su. Na farko, sukan ce ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne. Ƙasar da ta biya maka jirgi tana son ka dawo kana ganin kirkinta, kuma ba ta ɓoye haka ba. Sai dai wanda ake magana a kansa ba yaro ba ne. Baligi ne mai iyali, wanda ya san alƙiblarsa. Wanda mako 6 zai sauya wa aƙida, dama can bai riƙe ta da kyau ba. Na biyu, sukan ce in ya tafi ba zai dawo ba. Shirin Amurka da na ambata yana tafe da sharaɗin biza mai tilasta wa mutum komawa ƙasarsa ya yi shekara 2 kafin ya nemi zama na dindindin a can. Haɗarin da na fi jin tsoro na cikin gida ne: ya dawo da takardar shaida, ya nemi a sauya masa wurin aiki zuwa unguwar masu hali, ya bar yaran zango inda ya same su.

Na uku, kuma ita ce hujja mafi nauyi: wa zai riƙe ajin? Baƙo ya biya jirgi, amma yaran da suka yi makonni babu malami su suka biya sauran, musamman in suna ajin jarrabawa. Nan ne nake ganin tafiyar ta zama amana. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wace tsaraba ce ta isa ta biya wannan bashi? Ba hotunan dusar ƙanƙara a Facebook ba. Ga misali guda. A makarantun Japan akwai daɗaɗɗiyar al'ada: malamai su taru su tsara darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar da shi, sauran su zauna a ajin suna lura da inda yara suka gane da inda suka ruɗe, sannan su koma su gyara darasin. Wannan ba ya buƙatar kwamfuta ko wutar lantarki. Yana buƙatar malamin da ya yarda a duba aikinsa ba tare da ya ɗauka an ci masa fuska ba. Mu da muka tashi a zaure mun san haka, domin ɗalibi kan karanta a gaban 'yan'uwansa a yi masa gyara, ba ya fushi. Tun da aka kawo sabuwar manhaja a 2019 ake son malaman kowace makaranta su riƙa zama tare suna bitar aikinsu. Malami ɗaya da ya ga yadda ake yi da idonsa zai iya raya wannan zama a makarantu biyar. Gani ya kori ji.

Saboda haka ga shawarata ga sarakunanmu da limamai da kwamitocin makarantu. A sa mutum guda mai bibiyar sanarwar waɗannan gurabe, a riƙa faɗa a masallaci kamar yadda ake sanar da ɗaurin aure. A taimaki mai nema da kuɗin fasfo da na zuwa Akra, domin sau da yawa ƙaramin kuɗi ke hana babban rabo. Kafin ya tashi, kwamitin iyaye ya zauna da shugaban makaranta a san wanda zai riƙe ajinsa, ko da za a yi karo-karo a biya wani. Shi kuma ya yi alkawari gaban dattawa cewa zai ci gaba da koyarwa a unguwa na wasu shekaru, kuma zai tara 'yan'uwansa malamai ya koya musu abin da ya gano. In mace ce, a fara maganar da maigidanta da iyayenta tun da wuri, cikin mutunci, a tambayi masu shirin yadda masauki da abinci da wurin salla suke. Kada a sake barin ranar rufewa ta yanke mana hukunci.

Ita waccan malama har yanzu tana koyarwa. Kwanaki na gamu da ita a bakin makaranta, na ce mata in an sake buɗewa ta zo da wuri, takarda da alƙalami suna nan. Ta yi murmushi ta ce, "Baba Magatakarda, Allah Ya kai mu." Ina fata wannan karon ba ita kaɗai za ta zo ba.

Allah Ya yi wa malamanmu albarka, Ya shirya mana zuriya. Wassalam.