GOYO A CIKIN KWALEKWALE: A SAKE TUNANI

A wannan fitowa ina so in ja hankalinmu ga wani abu da idonmu ya saba gani har ya daina ba mu tsoro, wato mace da ɗanyen goyo a bayanta tana taka ƙafa cikin kwalekwale. Da yawa daga cikinmu 'ya'yan bakin ruwa ne, wasu daga gaɓar Kogin Kwara, wasu daga Binuwai, wasu daga tafkunan Legas. Ra'ayina a taƙaice shi ne: kada a shiga jirgin ruwa da jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba sai da larura mai ƙarfi, kuma idan larurar ta zo, kada a goya shi a baya. Ga dalilaina.

Da farko mu tuna abin da ruwa ya yi mana a 'yan shekarun nan. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Oktoban 2022, lokacin babbar ambaliya, wani ya kife a Ogbaru ta Jihar Anambra, aka rasa fiye da mutum 70. A Yunin 2023 'yan biki da ke komawa gida cikin dare suka nutse a yankin Patigi na Jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka rasu. A ranar 1 ga Oktoban 2024 kuma, jirgin da ya ɗauko kusan mutum 300 ya kife da dare kusa da Gbajibo a Ƙaramar Hukumar Mokwa, mafi yawan na cikinsa mata da yara. Mai karatu zai lura cewa mafi yawan waɗannan tafiye-tafiye na biki ne ko taron addini, irin waɗanda mata ke zuwa da 'ya'yansu. Dalilan da ake ta ambata kuwa ba su canzawa: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, tsohon jirgin katako, kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar ceto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

To me ya sa na ware jariri daga sauran fasinjoji? Saboda halittarsa. Kansa ya yi wa jikinsa nauyi, wuyansa kuma ba ya iya riƙe kan sosai sai ya kai wajen wata 4 zuwa 6. Idan fuskarsa ta shiga ruwa ba zai iya ɗagowa ba, ba zai iya kama gefen jirgi ba, ba zai iya kiran kowa ba. Haka nan jikinsa yana saurin rasa ɗumi fiye da na babba, don haka ko an tsamo shi da rai, jiƙaƙƙen zane da iskar kogi suna iya yi masa illa kafin a kai gaɓa. Ga kuma zafin rana da ruwa ke maidowa a fuska, ga hayaƙin inji ga wanda ya zauna a baya.

Wani zai ce ai sai a sa masa rigar ceto. Gaskiya ne, amma wace iri? Rigar manya ba ta da amfani ga jariri, domin da zarar ya faɗa ruwa zai sulluɓe ta ƙasa, rigar ta tashi sama ita kaɗai. Ta jarirai daban take: tana da matashi a bayan wuya mai tallafe kai, da ɗamara mai bi ta tsakanin ƙafafu, da maɗauki a ƙeya wanda babba zai kama ya ɗago yaron. Ko ita ma sai ta zauna daram a jikinsa. Shi ya sa a Amurka shawarar da aka saba ba iyaye ita ce su jira har jariri ya kai kimanin kilo 8 kafin su shiga jirgi da shi. Yaron da aka haifa da kilo 3 yakan ɗauki wajen wata 6 zuwa 9 kafin ya kai wannan nauyi.

Sai batun goyo, wanda shi ne ya fi damuna. A kan tudu babu wurin da ya fi bayan uwa aminci, kuma ba na raina wannan al'ada tamu. Amma a duba yadda abin yake a cikin ruwa. Kan goyo yana ƙasa da kafaɗar uwa. Idan uwa ta faɗa kogi, ko da ta iya iyo, ruwa zai kai mata wuya, wato kan yaron ya riga ya nutse. Idan kuma tana sanye da rigar ceto, rigar an ƙera ta ne domin ta riƙe fuskar mai ita sama, ta ɗan kishingiɗar da ita ta baya. Ke nan rigar da ke ceton uwa ita ce ke danna ɗan cikin ruwa. Ga shi an ɗaure shi tamau da zane da majanyi, ƙullin da ya jiƙe kuwa ba ya kwancewa da sauri, balle ga hannun da ke rawa don firgici.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Za su ce a ƙauyuka da yawa na ƙasar Nufawa da Yawuri da Bayelsa babu hanyar mota, kogi shi ne titi. Asibiti yana ƙetare, allurar rigakafi tana ƙetare, kasuwa tana ƙetare. Uwar da ɗanta ke zazzaɓi ba za ta zauna jiran ya kai kilo 8 ba, kuma ni ma ba zan ce ta zauna ba, domin jinkirin kai jariri mai zazzaɓi asibiti ya fi ƙetare kogi haɗari. Abin da nake roƙo shi ne mu raba tafiya gida biyu: ta larura da ta zumunci. Asibiti larura ne. Biki da suna da yawon arba'in kuwa suna iya jira, ko a aika da gaisuwa ta waya. Al'adar Hausawa ta killace mai jego kwana 40 tana da hikima, sai dai a bakin kogi ya kamata a ƙara wa jariri wasu watanni kafin a nuna shi ga dangin ƙetare. Surukar da ta fusata za ta huce.

Wasu kuma za su ce komai ƙaddara ce, wanda ruwa zai ci ko a randa zai ci shi. Babu mai musun ƙaddara. Amma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali yana zuwa ne bayan mutum ya yi nasa ƙoƙarin, kuma jariri amana ne da ba shi da bakin cewa ba zai hau ba.

Idan tafiya ta zama dole, ga abin da nake ganin ya dace. A tafi da rana tsaka, ban da asuba mai hazo, ban da bayan magariba, ban da lokacin da hadari ya haɗo. A dubi gefen jirgi, idan lodi ya sa ruwa ya kusa bakinsa, a haƙura a jira na gaba. Uwa ta kwance goyo tun a gaɓa, ta shiga ta zauna a tsakiya nesa da inji, sannan a miƙa mata yaron ta rungume shi a gaba, fuskarsa a buɗe, da inuwa a kansa. Ta sa rigar ceto, shi ma a sa masa tasa in akwai. A samu babba wanda ya iya iyo ya zauna kusa da ita, kuma kada mace ɗaya ta haɗa kula da jariri da wasu ƙananan yara biyu ko uku.

Hukuma ma tana da nata. Hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ceto, haka ma LASWA a Legas. A 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da rabon riguna 42,000 ga jihohin da ke da koguna. Madalla da wannan. Roƙona shi ne duk lokacin da za a yi irin wannan rabo a ware kaso na jarirai da ƙananan yara, a damƙa su ga Sarakunan Ruwa da ƙungiyoyin masu fito domin a riƙa ara wa iyaye a kowace tasha. Sannan jami'an lafiya su riƙa kai rigakafi ƙauyukan ƙetare akai-akai, domin ƙetarewar ma'aikaci ɗaya ta fi ta jarirai 30 sauƙi.

Daga ƙarshe, mu ɗaliban harshe muna da rawar takawa. Yawancin gargaɗin da ake bugawa da Turanci yake, matan da ke hawa kwalekwale kuwa da Hausa da Nufanci da Yarabanci da Ijo suke ji. Ko sunan rigar ma ba a tsaya a kan ɗaya ba, wani ya ce rigar ruwa, wani rigar kariya, wani rigar ceto. Me zai hana sashenmu ya tsara gajeren saƙo cikin sauƙaƙan kalmomi, mu fassara shi zuwa harsunanmu na gida, mu kai gidajen rediyo da masallatai da coci-coci kafin ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2021 domin yaƙi da nutsewa a ruwa? Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kare mana 'ya'yanmu, amin.