Dillalin da Ke Biyan La'ada

A kasuwannin da kakanninmu suka yi fatauci, daga Salaga har Kumasi, akwai ƙa'idar da kowa ya sani: wanda ya tallata hajar wani, shi ake ba la'ada. Ba a taɓa jin dillali ya gama yabon kaya, sannan ya sa hannu a aljihu ya biya mai kayan ba. Yau ga shi muna ganin haka a wayoyin 'ya'yanmu.

Duk wanda ya zauna da matasan zango suna buga Free Fire ko PUBG Mobile ya san shiga wasan kyauta ne. Abin da ke cin kuɗi shi ne jarumi da sutura da mota, waɗanda ɗan wasa ke tarawa don a gan shi da su. A ƙarshen 2020 kamfanin Garena ya shigo da Cristiano Ronaldo cikin Free Fire da sunan Chrono. A 2022 PUBG Mobile ya kawo Lionel Messi da motocin Lamborghini. A watan Afrilun 2020 kuwa, mutum fiye da miliyan 12 suka taru lokaci guda a cikin Fortnite don kallon mawaƙi Travis Scott, ana kuma sayar musu da siffarsa.

Mu dubi yadda cinikin yake. Yaro ya tura kuɗin karin kumallonsa ta waya, ya sayi kuɗin cikin wasa, wani lokaci ma sai ya yi ta gwada sa'a kafin motar ta faɗo masa. Daga nan ya shiga fili yana yawo da tambarin kamfani a gaban abokansa. Mai wasan ya samu, mai tambarin ya samu. Yaron da ya yi tallar shi ne ya biya.

Kuma abin da ya tara ba mallakarsa ba ne, izinin amfani kawai aka ba shi. Tambari a cikin wasa kamar ɗan haya yake, yarjejeniya ce ke riƙe da shi. A Death Stranding na 2019 jarumin yana shan Monster Energy; da aka fitar da sabon bugu a 2021, babu gwangwanin. Idan kuma aka rufe wasa ko asusun yaro, ba abin da zai ɗauka ya kai kasuwa.

Hana yara wasa ba zai yi mana magani ba, domin a nan suke haɗuwa da sa'anninsu. Abin da ya rage gare mu, iyaye da yayye, shi ne mu koya musu lissafin da aka koya mana. Ranar da yaro ya zo neman kuɗin sabuwar riga ta cikin wasa, mu zaunar da shi, mu tambaye shi da Hausa: nawa ne, wa zai ci riba, kuma bayan shekara guda me zai rage a hannunka?