Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Neja Kan Masu Raunin Ƙwaƙwalwa

Mai Girma Gwamna Muhammad Umaru Bago,

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan mutanen da hatsarin mota ko babur ya fasa wa kai, likita ya ceto ransu, sannan aka sallamo su gida babu mai waiwayarsu. Suna nan kwance a ɗakunan iyayensu a Bosso da Tunga da Kpakungu.

Ƙanena yana cikinsu. Ɗan acaɓa ne, mota ta kaɗe shi, kansa ya daki kwalta. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai, aka ce sai Abuja, muka bi hanyar Suleja da shi yana cikin dogon suma. Likitan da ya yi masa tiyata ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa da alheri.

Wahalar da ta fi ci mana rai bayan mun dawo ta faro. Takardu aka miƙo mana a leda, mu muke yawo da su daga wannan ƙofa zuwa waccan. Mai wanke ciwo bai san abin da likitan tiyata ya rubuta ba. Sashen gashin ƙashi ya sa mana rana mai nisa, kafin ta zo hannunsa na dama ya ƙage. Ba wanda ya nuna wa mahaifiyarmu yadda ake juya majiyyaci duk bayan awa 2, har gyambo ya ɓullo masa a ƙugu. Kunu yana shaƙe shi, mu kuwa ba mu taɓa jin cewa akwai ƙwararrun da aikinsu shi ne koyar da haɗiya da magana ba. Da ya fara zage-zage da jifa da kwano, yaron da ko murya ba ya ɗagawa, maƙwabta suka ce iska ce. Wata nas ce daga baya ta faɗa mana cewa rauni a gaban ƙwaƙwalwa yana canza halin mutum. Me zai hana a faɗa mana haka tun ranar sallama?

Ranka ya daɗe, tun 1974 likitoci suke auna zurfin suma da ma'aunin Glasgow, wanda ya samu maki 8 zuwa ƙasa rauninsa mai tsanani ne. Irin wannan majiyyaci ya fi ƙarfin likita guda, kuma a watannin farko ne jiki ya fi karɓar gyara. Roƙona shi ne a kafa sashe ɗaya, ko a Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, inda likitan tiyata da nas da mai gashi da mai koyar da magana da likitan ƙwaƙwalwa za su riƙa zama kowane mako a kan fayil guda, da ɗan'uwan majiyyaci a wurin. Wasu daga cikin ma'aikatan nan muna da su, haɗa su ne ba a yi ba.

A sanya kuɗin gashi cikin inshorar NiCare, domin shi ke talauta gida. Dokar hular kwano da aka fara tilastawa a 2009 kuma, a tsaya a shataletalen Mobil a ƙirga masu sa ta.

Na san buƙatun jihar nan suna da yawa, wani lokaci har nakan fid da rai. Duk da haka na rubuto, saboda ƙanena ya fara riƙe cokali da kansa, kuma da an kama shi da wuri da ya wuce nan.

Wassalam,
Wani mazaunin Bosso, Minna.